Randa Uku a Gindin Darbejiya

Ke da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, ajiye allin nan ki saurara.

An yi wani shugaban makarantar firamare a wani gari na bakin titin jirgi, mutum mai gudun rigima. 'Ya'yan manoman gari suna karatu a wurinsa, da 'ya'yan makiyaya daga ruga, da 'ya'yan ma'aikatan jirgi da iyayensu suka zo daga kudu, wasu na masallaci, wasu na coci. Randa ɗaya ce a gindin darbejiya, moɗa ɗaya. Wanda ƙishi ya kama ya kamfata ya sha, ya miƙa wa na bayansa. Ana nan sai wasu iyaye suka fara gunaguni, wai ba sa son ɗansu ya sa baki inda ɗan wane ya sa. Shugaba ya auna, ya ga sayen randa ya fi jan magana sauƙi. Ya ƙaro biyu, kowane ɓangare da tasa. Gunaguni ya mutu, ya ce a ransa ya yi dabara. Kullum da safe yara su jeru gaban tuta su rera taken ƙasa da murya ɗaya, in an tashi tara kuma kowa ya nufi randarsu. Shekaru suka shuɗe a haka.

Wata rana da bazara, randar 'ya'yan ma'aikatan jirgi ta tsage, ruwan ya tsiyaye. Ta taga shugaba ya hango wata 'yar aji ɗaya cikinsu, ga zazzaɓi a jikinta, leɓɓanta sun bushe, ta je ta tsaya gaban randar 'yan gari. Wata 'yar aji shida, yarinya mai ladabi da hankali, ta ɗora hannu a kan murfin. "Ba taku ba ce," in ji ta. Ba faɗa, ba zagi, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Ƙaramar ta juya ta zauna a ƙasa, ko kuka ba ta yi ba, don ita ma ta sani. Babu malamin da ya taɓa rubuta wannan a allo, randunan shugaba ne suka koyar. Ya fita ya shayar da ita da hannunsa. Washegari ya kwashe randunan, ya girke babba guda ɗaya. Ƙanana suka yi ta rububin moɗa suna dariya, nan da nan sun manta. Manyan kuwa suka koma zuwa da goruna daga gida, in ruwan ya ƙare su yini da ƙishi. Ya yi nasiha, ya yi bulala, duk a banza. Da haka suka gama makarantar, da haka suka shiga duniya, yana tsaye a ƙofa yana kallonsu.

Yaro ba bakinki yake bi ba, hannunki yake kallo. Kada ki jira sai ya ƙosa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.