Wa Ya Buɗe Ƙofar?

Mai buga littattafai ya ajiye rubutun marigayiya 'yata a kan keken ɗinkina, ya ɗora biro a layin ƙarshe.

"Mama, ɗan gyara ne kawai. Ta rubuta, 'Sai ta buɗe ƙofa.' Mu mayar da shi, 'Sai aka buɗe mata ƙofa.' Masu karatu sun fi son mace abar tausayi."

Karatuna bai wuce aji uku ba, amma wannan rigimar na san ta. Tun tana ƙarama, in ina ba ta labarina na ce aka kore ni, aka hana ni, sai ta rufe mini baki. "Inna, wai wane ne Aka ɗin nan? Kullum shi ke yi, ke kina ina?" Har a gadon asibiti tsokanata take: "Ki gaida mutuminki Aka."

Na ce ya karanta mini shafin. Wata mata ce a kamfanin ɗinki, goye da jaririya, shugaba ya ce ta durƙusa ta ba da haƙuri kan laifin da ba nata ba.

Na danne takardar da tafin hannuna.

"Ɗana, mariƙin ƙofar nan a karye yake, sai ka ɗaga shi yake juyawa. Maigadi yana tsaye yana kallo, ko motsi bai yi ba. Wadda ta rubuta wannan tana goye a bayana ranar. Bar mata kalmarta."

Ya mayar da bironsa aljihu.