Tayar da Aka Juya

Motar Mainasara ta girmi aurensa, kuma ta fi shi sanin hanyar Wara zuwa Yelwa. Duk ranar kasuwa yakan cika ta da kwalayen kifin banda daga bakin tafki, ya ɗaure buhuna a sama, sannan ya nemi inda zai cusa mutane.

Tun da ta faɗa wani rami da damina, ƙafar gaba ta dama ta karkata, samanta ya kwanta ciki. Tayar ta riƙa cinyewa ta gefen ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ta waje kuwa zanenta raɗau. Kowace safiya Mainasara yakan daki tayar da ƙafa, ya ji tauri, ya ce lafiya lau. Iyakar binciken ke nan.

Arzika bakanike ne ya leƙa ƙarƙashi wata rana.

"Direba, ƙahwar ga ta kwanta. Bar min ita yau in canza robobi, in yi mata saiti."

"Yau kasuwa za ka ce in bar ta? Kifin zai jira saitinka?"

Sai ya wuce wurin mai faci, aka yi dabarar da direbobin hanyar suka saba. Aka cire tayar aka juya ta, gefen da ya cinye ya koma waje, mai lafiya ya koma ciki. Ƙafar tana nan a karkace. Da haka Mainasara ya yi wa tayar adalci: kowane gefe ya samu rabonsa na cinyewa.

Yayarsa Hafsatu, mai sayar da kifi, ita ke zama gaba. Haƙƙinta ne na babba, ba ta biyan kuɗin mota, ba ta kuma yin shiru.

"Kai Mainasara, mi ya sa motar ga take tahiya awa kaguwa?"

"Tsuhwa ce, Yaya. Ke ma haka kike tahiya."

"Ka ci gidanku!"

"Gidanmu ɗaya, Yaya."

Fasinjoji na cikin dariya suka shiga wata kwana, rana tsaka, kwalta ta ɗauki zafi. Tayar ta fashe. Motar ta fizge dama, ta gangara, ta kife a kan gefen Hafsatu. Kowa ya fito da ƙafarsa, ban da ita.

Masu ta'aziyya sun yi kirki. Suka ce tsautsayi ne, kwana ya ƙare. Inna, mahaifiyarsu, ma haka ta ce. Arzika ya zo, ya yi addu'a, ya tashi ya tafi. Mainasara ya so a ce Arzika ya zage shi.

Yanzu ba ya tuƙi. In ƙamshin kifin banda ya bugo shi, sai ya sake hanya. A tashar Yelwa za ka gan shi tsugune gaban motocin mutane, yana shafa cikin tayoyinsu da tafin hannu, direbobi suna korarsa. 'Ya'yan Hafsatu sukan wuce ta nan, su durƙusa su ce, "Kawu, ina wuni?" Bai taɓa iya ɗaga ido ya amsa ba.

Mai karatu, tayar da ke cin gefe ɗaya shaida ce cewa ƙafar mota ta karkata. Juya ta ba gyara ba ne, ɓoye shaida ne. A kai mota a yi mata saiti, tun kafin masu ta'aziyya su samo wa sakacinmu suna mai daɗi.