Allunan da Abu Nadim Ya Zaɓa

Abu Nadim ya tsayar da allon zamiyar ƙanƙara, dogon nan da ake ɗaurawa a ƙafa, a gefen 'yarsa Hiyam, ya duba inda tsininsa ya kai. Daidai hancinta. Ya taɓe baki, ya miƙa wa mai shagon.

"Tanyus, wannan na 'yan Berut ne masu hawowa ɗaukar hoto. Kawo mana na mutane."

Hiyam ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Kyauta uban nata zai yi mata, don allunanta sun tsufa har bakinsu ya dakushe. Ita kuwa ta san abin da take ɓoye masa: wata makarantar koyar da zamiya a Kanada ta ba ta aiki, ta amsa, kafin Kirsimeti za ta tashi.

Da kaka wata mata daga makarantar ta kira ta, ta ce sun ga bidiyonta tana koyar da yara a gangaren dutsen garinsu Faraya, irinta suke nema. Hiyam ba ta bi diddigi ba, don baƙi kullum wayoyinsu a sama suke suna ɗaukar bidiyo. Ta ce a bar ta ta yi tunani. Kunyar da take ji yanzu ita ce, tunanin bai kai tsawon shan gahawa ba.

To wa za ta bar wa tsohon? 'Yan'uwanta sun watse, Nadim yana Dubai, Ziyad yana Kano yana sayar da tayil, mahaifiyarsu tana kwance a maƙabartar bayan coci. Ita kaɗai ta rage. Ita ke shafa masa man zafi a gwiwa, ita ke faɗa da shi a kan gishiri. A garin nan wanda 'ya'yansa suka watse ba a nuna masa tausayi a fuska, sai dai maƙwabta su riƙa aiko masa da kwanon abinci ranar Lahadi. Tunanin wannan kwanon ke hana ta faɗa masa.

Don ƙaryar ta ƙara kwana, ta nuna wasu alluna masu faɗi, irin waɗanda ke yawo a kan dusar ƙanƙarar dutsensu mai laushi.

"Waɗannan za su yi mini, Baba."

"Za su yi miki a ina? Ƙanƙara ba kullum take da mutunci ba. Wata rana kamar gilashi take wayar gari."

Ta kalle shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa masu siraran alluna ba'a, wai matsorata ne masu bin hanyar da inji ya share. Tsufa dai ba ya barin kowa da ra'ayinsa.

Kawu Tanyus ya shige ciki, ya daɗe, ya fito da wasu a cikin leda. Masu ɗan siririn ƙugu ne, ba can ba, irin waɗanda ke yanka kwana a kan tauri kuma ba sa nutsewa a laushi. Abu Nadim ya goga farcensa a bakin ƙarfen da ke gefen allon, farcen ya kankaru. Ya lanƙwasa allon da tafin hannu, ya saki, ya saurari yadda ya dawo.

"Sa takalminki."

Ta taka, maɗaurin takalmi da ke jikin allon ya kama ƙaf, ba a taɓa ko ƙusa ɗaya ba.

"Kin yi sa'a," in ji Tanyus, yana kallon rufi.

Sun yi mata ɗas, har ta ji haushinsu. Uban yana tsaye yana murmushi, ya jingina nauyinsa a kan ƙafar da ba ta ciwo. Ta ga mutumin da zai wayi gari cikin gida shi kaɗai, yana tunanin ya saya wa 'yarsa abin da za ta hau dutsen ƙofar gidansu da shi. Ta ji ta zama ɓarauniya, kuma wanda ta yi wa satar shi ke riƙe mata jaka.

"Baba, akwai maganar da..."

"Yunwa nake ji," ya katse ta. "Bari in karɓo mana gurasar nan mai ganyen za'atar kafin 'yan Berut su cinye gari."

Ya fita yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Ƙofa na rufuwa hawayen ya ɓalle mata.

"Kawu, ba zan iya karɓa ba. Tafiya zan yi, Kanada. Ban faɗa masa ba. Ni muguwa ce, wallahi muguwa ce. Mayar da su, don Allah."

Tanyus ya ja dogon numfashi, ya leƙa ta taga, inda tsohon ya tsaya a bakin titi yana goge ido da bayan hannu.

"In mayar da su ina, 'yar nan? Tun bazara ya sa na yo odarsu, ranar da ya zo ya zauna mini a kan kujerar nan, ya ƙi tashi sai da na tura wa mutanen Kanada bidiyonki, don shi bai iya latsa wayar ba."