Gahawar Sallama

Minti goma da zamansa a falonmu, Baba ya ce, "Ke, kawo wa baƙo gahawa."

Mama ta sunkuyar da kai. A gidajenmu na garin Zahle, da lemo da 'ya'yan itace ake fara tarbar mutum, a sha hira. Gahawa ce ta ƙarshe, in ta fito baƙo ya san an sallame shi. Shi kuwa bawan Allah, wata shida da zuwansa daga Brazil, bai san wannan ba. Ya kawo tiren kayan zaƙi na baklawa, ya haddace gaisuwa uku da harshenmu don ya nemi izinin nemana. Har godiya ya yi.

Na ce, "Baba, ko lemonsa bai shanye ba."

"Kin dai ji ni."

Na shiga kicin. Samari huɗu na kora da gahawar nan, da hannuna, ban taɓa cewa uffan ba. Na bar ta ta taso sau uku, yadda Baba yake so.

Da na dawo da finjali biyu, Baba ya dubi tiren ya haɗe rai.

"Ni ba yanzu zan sha ba. Finjali na biyun na waye?"

Na miƙa wa baƙon nasa. Na ɗauki ɗayan na shanye a tsaye, yana ƙona min harshe, na ɗauko jakata na rataya a kafaɗa.

"Nawa ne, Baba."