Tagar Man Gujiya

Mushe, malaminmu a lakwal, wato makarantar boko ta garin Barmu, ya ce gobe kowa ya zo da gidan kwali mai tagar leda garai-garai. Har la'asar ban samu ba, baƙar leda kaɗai ke gidanmu.

Inna ta yago farar takarda, ta dangwali man gujiya ta shafe ta, ta ɗaga saitin rana. Haske ya ratso.

Na ce, "Inna, duk ajin za su ji warin mai, su yi mini dariya."

Ta ce, "Su ji mana. Haske dai bai shigo ba?"

Na manna tagar ina shinshinawa, ina addu'a warin ya tafi. Yau Inna ba ta duniya, warin nan nake nema.