Taku Ɗaya Gaban Kuwahara

Tun kafin a busa usur gumi ya jiƙa Nagamine sharkaf, alhali ko ƙafa bai tsoma a teku ba. Rana ta fito da fushinta, gyare na ta ƙara a itatuwan bakin gaɓa, masu shirya gasa kuma na ta roƙon jama'a a lasifika su sha ruwa.

Gasar gajeruwa ce: a yi iyo, a hau keke, a ƙare da gudu, kafin rana ta take an watse. Amma a wurin Nagamine mai sayar da kifi, doguwar magana ce. Tun suna da baƙin gashi, duk bazara sai Kuwahara mai aski ya bar shi ya sha gaba, ya gaji tilis, sannan dab da layin ƙarshe ya wuce shi da taku ɗaya yana murmushi. Ba wai kofi suke ci ba, matasa kan gama shan kankanar da ake rabawa a ƙarshen tsere kafin tsofaffin biyu su iso. Duk da haka har a kasuwa Baba Na-biyu ake kiran Nagamine, kuma abin na ci masa rai. Burinsa ɗaya a duniya, ya taka layin nan kafin Kuwahara, ko da sau ɗaya ne.

Bazara biyu a jere Kuwahara bai shiga ba. Ya rufe shagon askin, ya daina fitowa ko gidan wanka. Nagamine ya yi tserensa babu Kuwahara da zai wuce shi, kankanar kuma ta yi masa salam a baki. Shi da kansa ya riƙa zuwa har gida yana zuba masa tsiya, sai da mutumin ya gaji ya ce zai fito.

Ga shi kuwa ya fito. Matarsa Fumie ta gyara masa hular roba, ta juyo ta kafe Nagamine da ido.

"Ka dai tuna abin da na ce maka."

"Na tuna, uwargida. Yau ƙeyata zai bi daga farko har ƙarshe."

Kuwahara ya yi dariya. "Da wannan ƙarnin kifin naka? Ai ko ina ka shiga sai na gano ka."

A cikin ruwa kafaɗa da kafaɗa suka tafi. Nagamine ya ƙara wuta, Kuwahara ya ƙara. Da suka iso jar ƙwallon da ake kewayawa, Nagamine ya kai masa duka a kafaɗa, amma mutumin ko gezau, tare suka juya. Tare suka fito kan yashi mai ƙuna, suna tsalle kamar an ɗora su a kasko.

A kan keke Nagamine ne a gaba, sai dai bai ji daɗin gaban ba. Iska mai zafi duk a ƙirjinsa take ƙarewa, wancan kuwa ya laɓe a bayansa yana shan inuwa, har hucinsa na taɓa masa wuya. Doka ta hana ɗan tsere manne wa bayan wani. Alƙalan da ke bakin hanya sun gani sarai, amma maimakon su ɗaga tuta sai tafi suka yi. A hawan gonakin lemo keken ya yi masa nauyi kamar ya ɗauro buhun shinkafa.

"Barci kake yi a baya ne, tsohon banza?" ya faɗa yana haki.

"Kai dai ja mu je, Na-biyu. Aikinka ke nan."

Gudun ne ya raba raini. Kwalta ta yi laushi, wani saurayi da ya wuce su ɗazu yana zaune a gefen hanya an ɗora masa ƙanƙara a ka. A rumfar ruwa Nagamine ya fizgi soso biyu, ya matse ɗaya a kansa, ya maka wa Kuwahara ɗayan a fuska. "Kada ka mace a hanya a ce ni ne."

Daga nan ya lura numfashin mutumin ya sauya, ƙafarsa ta fara jan ƙasa. Ya tuna abin da Fumie ta ce: in mijinta ya sare a yau, ba zai ƙara fitowa daga ɗaki ba.

"Ga tudun makaranta nan gabanka," ya ce da ƙarfi, "inda ka saba yi mini wulaƙanci. Yi mu gani!"

Kuwahara ya cije, ya hau.

Sai ga layin ƙarshe, ga ganguna, ga 'yan kasuwa sun cika gefe biyu suna ihun sunan Baba Na-biyu. Nagamine na gaba da taku ɗaya cif, kuma yau babu sauran ƙarfi a jikin Kuwahara da zai ƙwace shi. Gaskiya ransa ya biya. Ya ji daɗin abin har cikin haƙoransa.

Sai ya rage sauri, ya ce, "Miƙe kawai." Kuwahara ya wuce shi, ya taka layin.

Kuwahara ya tsaya dafe da gwiwoyi yana haki. "Wa ya riga?"

"Kai mana, mugu. Kamar kullum."

Nagamine ya goge idonsa, ya ce gumi ne. Da ya riga shi, da alƙalai sun soke tserensu duka, don ɗan jagora ba ya riga makahonsa taka layi. A gefe ga kekensu mai kujera biyu a jingine. Ya sunkuya ya kwance igiyar da ta haɗa ƙugunsu, Fumie kuma ta saka wa mijinta farar sandarsa a hannu.