Kwikwiyo a Rungume

Likitan dabbobi na taɓa kumburarriyar ƙafar, kwikwiyon ya tsandara ihu.

"Ba duka ba ne, Hajiya. Ciwon ƙashi ne, yakan kama 'ya'yan manyan karnuka suna cikin girma. Ai na san kwikwiyon nan, watan jiya na faɗa wa mai shi."

Mai shi kuwa yayanta ne, ciki ɗaya. Shi ya sayar mata, shi ya rantse maigadinta ke jibgarsa, har ta kori tsohon bayan ya shekara tara yana yi mata aiki.

Sai yanzu ta tuna ranar da ya kawo shi. Tun daga mota har falo yana rungume da shi, ya ƙi sauke shi ƙasa. Har cewa ta yi, "Yaya, kai dai akwai tausayi."